Majigi, tsohuwar wayar VGA da rigimar Daurawa

Aminu: Jama'a barkanmu da yamma daga Ƙofar Ƙaura. Tun shekaranjiya guruf ɗinmu ya ɗau zafi a kan magana ɗaya: ka haɗa laftof mai Linux da majigi, hoto ya maƙale a 1024x768, ya ƙi motsi.

Hadiza: Kai ma ai ya taɓa cin ka, Yaya Aminu.

Aminu: Bar wannan. Yawanci laifin wayar VGA ne. Allo shina gaya wa kwamfuta girman hoton da zai iya ɗauka, bayanin da ake kira EDID. In wayar ta tsufa, saƙon ba ya isa. To buɗe taminal, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, rubuta xrandr kawai, umarnin saita allo ne, za ka ga sunayen kafofin, VGA-1 ko HDMI-1. In girman da kake so na cikin jerin, shi ke nan: xrandr --output VGA-1 --mode 1280x720. In babu, sai cvt 1366 768 60, wato faɗi, tsawo da saurin sabunta hoto, ya ba ka dogon layi, ka shigar da xrandr --newmode, sannan xrandr --addmode. Kada ka tsorata in ka ga 1368, cvt na zagaye faɗi zuwa ninkin 8 ne.

Bashir: Mu a Daura majiginmu ba ya gardama.

Hadiza: Ai kau! Bayajidda ne ya saita muku shi?

Bashir: Wanda ya kashe macijin Kusugu, wayar VGA ce za ta gagare shi?

Hadiza: To da can ranar Juma'a kaɗai kuke samun 1080, kamar ruwan rijiyar?

Bashir: Hajiya, ki girmama manya. Mu ne uwa.

Hadiza: Uwa mai allo murabba'i.

Aminu: Ku dakata mana! A zuba layukan nan a fayil ɗin sikirif, ga dalili: da ka kashe kwamfuta, saitin ya tafi. Ka sa su a fayil ɗin .xprofile su riƙa tashi da kansu. Amma wurin gwaji, don Allah ƙara sleep 15 sannan xrandr --output VGA-1 --auto, in allo ya yi baƙi ya dawo da kansa.

Bashir: A kan sabon Ubuntu fa? Nawa ya ƙi.

Aminu: Wayland ke nan, sabon tsarin nuna hoto a allo, tun 2021 suka koma can, xrandr ba ya aiki yadda...

Hadiza: An kira magariba, Yaya.

Aminu: To, zaɓi Xorg, tsohon tsarin, wurin shiga in sigarka na da shi. Sauran sai mako mai zuwa.