Ghali Na'Abba: Kakakin Majalisar da Ya Ba Obasanjo Wa'adin Mako Biyu

A watan Agustan 2002, Majalisar Wakilan Najeriya ta aika wa Shugaba Olusegun Obasanjo saƙon da ya girgiza Abuja: ya yi murabus cikin mako biyu, ko a fara shirin tsige shi. Wanda ke riƙe da gudumar majalisar a ranar ɗan Kano ne, kuma ɗan jam'iyyar shugaban ne, PDP. Sunansa Ghali Umar Na'Abba.

An haife shi a birnin Kano a 1958, a gidan 'yan kasuwa. Ya yi Kwalejin Rumfa, ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1979, sannan ya koma harkar kasuwanci. Da sojoji suka miƙa mulki a 1999, mutanen Kano Municipal suka tura shi majalisa.

Kujerar kakaki ba shi aka fara ba wa ba. Salisu Buhari ne ya hau, shi ma ɗan Kano. Ba a je ko'ina ba asiri ya tonu cewa takardar digirin da ya ce ya samo daga Jami'ar Toronto ta bogi ce, shekarunsa ma ƙari ya yi. Ya sauka yana hawaye a watan Yuli, Ghali ya gaje shi.

To, daga nan aka sa zare. Ƙasa ta shafe shekara 15 babu majalisa mai haƙori, shugaban kuwa tsohon janar ne da ya saba bayar da umarni. Ghali ya tsaya kai da fata cewa majalisa ba 'yar amshin shata ba ce. A 2000, da Obasanjo ya ƙi sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, majalisun biyu, ta Wakilai da ta Dattawa, suka haɗa kashi biyu bisa uku na ƙuri'a, ta zama doka ba da sa hannunsa ba. Akwai kuma ranar da aka zube damman kuɗi a kan teburin zauren majalisa, a gaban kyamarori, wasu 'yan majalisa suna cewa toshiyar baki ce aka raba don a tsige kakakin. Bai tsigu ba.

Laifuffukan da majalisa ta jero wa shugaban a 2002 sun haɗa da ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda aka zartar, da tura sojoji garuruwan Odi a jihar Bayelsa da Zaki Biam a jihar Binuwai, inda aka kashe fararen hula. Obasanjo ya ce wasa ne ya wuce gona da iri. Sai da tsofaffin shugabanni, Yakubu Gowon da Shehu Shagari, suka shiga tsakani kafin ƙura ta lafa.

Ghali ma bai sha ba, don an yi ta zargin majalisarsa kan kashe kuɗi. Amma a ganina, ba a sake yin kakakin da ya tsone wa fadar shugaban ƙasa ido kamarsa ba.

Ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. A zaɓen 2003 ya sha kaye a mazaɓarsa, Aminu Bello Masari ya zama kakaki. Ghali bai sake komawa majalisa ba, ko da yake bai daina sukar gwamnatoci ba. Ya rasu a Abuja ranar 27 ga Disamba, 2023, yana da shekara 65, aka yi jana'izarsa a Kano.