Tutar da ke cikin wayarka, wa ya sa ta?

Ɗauki wayarka ka tura wa wani tutar Najeriya ta emoji, wato 'yan hotunan nan da ake sawa a saƙo. Ka san abin da ya tafi? Haruffa biyu ne kacal, N da G. Wayar wanda ka tura wa ce ke zana kore, fari, kore. Shi ya sa a kwamfuta mai Windows sau da yawa haruffan kawai za ka gani.

Haruffan nan daga wani jadawali na ƙasa da ƙasa ake ɗauko su, ISO 3166, kuma a nan ƙura take tashi. Taiwan tana cikin jadawalin, amma iPhone ɗin da aka saita a kan ƙasar Sin ba ta nuna tutarta. Ƙasar Kosobo ba ta da nata haruffan a hukumance, XK aka ara mata. A 2022 ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffa da emoji na wayoyi da kwamfutoci, ta daina karɓar buƙatar ƙara sabbin tutoci.

Taswira ma haka. Tun 2014, yadda Google ke nuna iyakar Kirimiya, yankin da Rasha da Yukren ke taƙaddama a kansa, ya danganta da ƙasar da kake dubawa daga ciki. Mu ma mun san zafin irin wannan. Kotun Duniya ta ba Kamaru Bakassi a 2002, aka kammala miƙa shi a 2008, amma har yau akwai waɗanda abin bai bar zuciyarsu ba.

To, matasanmu masu haɗa manhaja a nan Gombe, da ku nake. A ce ka yi wa 'yan kasuwar Tudun Hatsi manhaja, ka zo wajen zaɓen harshe. Wace tuta za ka liƙa wa Hausa? Ka sa ta Najeriya, Bamaraɗen da ya zo sayen masara ya ji an mai da shi bare a harshen da ya sha a nono. Fulfulde fa, da ake yi daga Senegal har Sudan? Don Allah ka bar tuta. Rubuta "Hausa", rubuta "Fulfulde", kowa ya taɓa nasa.

Wajen cike adireshi, sa "ƙasa ko yanki". Iyakar da ake taƙaddama a kanta, ja ta da layin ɗigo-ɗigo. Kada kuma ka zauna ka tsara jadawalin ƙasashe da kanka. Ɗauko wanda ake sabuntawa, domin kafin 2011 babu Sudan ta Kudu a cikinsa.