Darasi: Wa Ke Yanka Kuɗin Ruwan Bashin Sayen Gida a Amurka?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa Amurka, mu ga bashin sayen gida da ake biya cikin shekara 30. Da yawa sun ɗauka Babban Bankin ƙasar ne ke yanka kuɗin ruwansa. To, ba haka abin yake kai tsaye ba.

Ku saurara da kyau. Galibi bankin da ya ba ka bashin ba ya riƙe shi. Sayar da shi yake yi ga cibiyoyi irin su Fannie Mae da Freddie Mac, su kuma su haɗa dubban basussuka wuri guda su sayar wa masu zuba jari a matsayin takardun bashin gida. Shi mai zuba jarin nan yana da wani zaɓi: ya sayi takardar lamunin gwamnatin Amurka ta shekara 10, wadda ake ganin babu fargabar kuɗi ya maƙale. In har zai bar ta ya ɗauki bashin gidan wani, dole a ƙara masa wani abu a kai. Me ya sa ta shekara 10? Saboda yawancin mutane ba sa kai shekara 30 da bashin. Ko su sayar da gidan, ko su canja bashin da mai sauƙi.

Shi ya sa kuɗin ruwan takardar da na bashin gida tare suke hawa, tare suke sauka. A 1981, lokacin da Paul Volcker, shugaban Babban Bankin na wancan zamani, ke yaƙi da hauhawar farashi, takardar gwamnati ta haura kashi 15 cikin ɗari, bashin gida ya kai 18.63. A Janairun 2021 ya faɗi zuwa 2.65. A Oktoban 2023 takardar ta kusa kashi 5, bashin gida kuma ya kai 7.79.

Tazarar da ke tsakaninsu ita na fi so ku riƙe. Bisa al'ada ba ta cika kai kashi 2 ba, amma a 2023 ta kusa 3, domin Babban Bankin ya daina sayen takardun bashin gida, kasuwa kuma ta shiga rashin tabbas. Wannan ƙarin, iyali mai neman muhalli ne ke biyan sa duk wata.

A Satumban 2024 Babban Bankin ya rage nasa kuɗin ruwan da rabin kashi ɗaya. Masu neman gida suka yi murna, sai ga takardar shekara 10 ta tashi, bashin gida ya bi ta, daga wajen kashi 6 zuwa wajen 7 a Janairun 2025.