Mai sayar da jirgin yaƙi shi ke riƙe da akala

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, ina gaishe ku da kyau.

In an tashi auna ƙarfin sojan wata ƙasa, yawanci jiragenta ake ƙirgawa. Ni tambayar da nake so ku riƙa yi ita ce: wa ya sayar mata, wa kuma ke aiko mata da kayan gyara? Jirgin yaƙi yakan yi shekara 30 ko fiye yana aiki, kuma duk tsawon nan injinsa da makamansa da manhajar kwamfutarsa daga hannun wanda ya ƙera shi suke fitowa.

Ku dubi Iran. Zamanin Shah, wato sarkin Iran na lokacin, Amurka ta kai mata jiragen F-14 guda 79, ba ta sayar wa wata ƙasa irinsu ba. Juyin juya hali na 1979 na zuwa, aka rufe ƙofa. Yaƙi da Iraƙi ya ɓarke a 1980, sai ga makanikan Iran suna kwance wani jirgin, a cire masa kaya a ɗaura wa wani don ya samu ya tashi. Pakistan ma ta ɗanɗana: a 1990 Amurka ta riƙe mata F-16 guda 28 da ta saya, saboda shirinta na nukiliya, aka jibge su a hamadar Arizona.

Abokan ƙawancen Amurka ma ba su tsira ba. Turkiyya 'yar NATO ce, masana'antunta na ƙera ɗaruruwan sassan F-35, amma da ta sayi garkuwar sama ta S-400 daga Rasha, sai aka fitar da ita daga shirin jirgin F-35 a 2019. A Gabas ta Tsakiya kuwa abin a rubuce yake. Tun 2008 dokar Amurka ta wajabta cewa duk makamin da za a sayar a yankin kada ya taɓa fifikon ƙarfin sojan Isra'ila. Daular Larabawa ta nemi F-35 guda 50, maganar ta cije, kuma a Disamban 2021 ta sa hannu kan sayen jiragen Rafale 80 daga Faransa.

Sabon abu, wanda ni ya fi ɗaukar hankalina, shi ne shigowar Sin kasuwa. Indiya ta sayi Rafale 36 a 2016, Pakistan ta mayar da martani da J-10C na Sin a 2022. A Mayun 2025 suka gwabza, Pakistan ta ce ta kaɓo jiragen Indiya har da Rafale, Indiya ta yarda ta yi asara amma ba ta faɗi adadi ba. Duk janar ɗin da aljihunsa bai kai kuɗin jiragen Turawa ba ya zuba ido a kan wannan karon.

Mu ma nan gida ya shafe mu. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta nema don yaƙar Boko Haram, Amurka ta ja ƙafa kan batun haƙƙin ɗan'adam, ba ta amince ba sai 2017, ba su iso ba sai 2021, alhali ana ta kashe mutane a Borno. A 2021 ɗin ce kuma jiragen JF-17 uku, waɗanda Sin da Pakistan ke ƙerawa tare, suka zo daga Pakistan.

A nan zan dakata, mai tambaya bismillah.