Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Sunan Megan

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako sun taru ne a kan sunayen mata na yankin Wales, kuma tare da ni akwai wani malami mai nazarin harsuna wanda zai taya ni warware su.

Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya ko Wales wani gari ne a Ingila. A'a, ɗan uwa, Wales ƙasa ce a cikin tarayyar Birtaniya, tana yamma da Ingila, babban birninta Cardiff, tana da mutane sama da miliyan 3 da kuma harshenta na kanta, wanda ƙidayar 2021 ta nuna fiye da mutum dubu 500 suna jinsa.

Wata baiwar Allah daga Jos, mai suna Gladys, tana son sanin tushen sunanta. Daga Wales ya fito, inda ake rubuta shi Gwladys, kuma sun gaje shi ne daga wata waliyyarsu ta Kirista da ta rayu kimanin shekara 1,500 da suka wuce.

Sai tambayar da ta fi yawa, wadda ta zo mana daga Kaduna da Maraɗi da Kumasi: mene ne asalin sunan Megan, kuma me ya sa ya yaɗu? Ɗaya daga cikin masu tambayar ma ya rantse cewa Meghan Markle, matar Yarima Harry na Birtaniya, ita ce ta ƙirƙiro sunan. Haba Alhaji, a riƙa bincike kafin a rantse! Allah gafarta Malam, bismilla.

"To, Megan dai sunan gata ne, wato irin sunan da ake yi wa yarinya a gida don lallashi. Asalinsa Margaret, wanda mutanen Wales suke cewa Marged, sai aka gutsure shi ya koma Meg, sannan aka liƙa masa 'an' a ƙarshe, wanda a harshensu yake nuna ƙanƙanta da ƙauna. Shi kuwa Margaret daga kalmar Girkanci 'margarites' ya fito, ma'anarta lu'ulu'u. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, masana da dama suna ganin kalmar Larabci 'marjan', wadda ta zo tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman, tushensu ɗaya da waccan ta Girkancin. Daga 'marjan' muka sami murjani, muka sami Murjanatu, kuma idan aka bi hanyar fatauci ta tekun Farisa, inda ake nutso ana ciro lu'ulu'u tun zamanin da..."

Malam, a yi mini afuwa, agogo ba ya jira, kada mu nutse a tekun Farisa tare da masu ciro lu'ulu'u. Bari in maimaita don wanda bai ji da kyau ba: Margaret ne ya koma Marged, Marged ya koma Meg, Meg ya koma Megan, ma'anarsa kuma lu'ulu'u. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin haka Maryam ta zama Mairo, Hadiza ta zama Dije, har ta kai wasu ba a san su da wani suna ba sai wannan. Bambancin kawai shi ne, su can sun ɗauki sunan gatan sun mai da shi sunan yanka.

Game da yaɗuwarsa kuwa, daga cikin waɗanda suka fara fito da shi fili akwai Megan Lloyd George, 'yar David Lloyd George, ɗan Wales da ya yi firaministan Birtaniya daga 1916 zuwa 1922. An haife ta a 1902, kuma a 1929 ta zama mace ta farko da ta wakilci wata mazaɓar Wales a majalisar dokokin Birtaniya. Duk da haka sunan bai bazu sosai a wajen Wales ba sai a shekarun 1970, daga nan ya yi ta hawa a Amurka har ya zama ɗaya daga cikin sunayen da iyaye suka fi raɗa wa 'ya'yansu mata a shekarun 1980 da 1990. A Ingila da Wales ma ya shiga sahun goma na farko a ƙarshen shekarun 1990, sannan yayinsa ya fara ja da baya.

Saboda haka, Alhaji, lokacin da aka haifi Meghan Markle a Los Angeles a 1981, sunan yana tashe ne, kuma lokacin da ta auri Yarima Harry a watan Mayun 2018, farin jininsa ya riga ya ragu ƙwarai. Harafin 'h' da ke cikin nata ƙari ne na masu rubutu, babu shi a rubutun Wales na asali, kuma a ra'ayina na asalin ya fi kyan gani.

Ga wadda ta tambaya a kan sunan Jennifer: wannan na yankin Cornwall ne da ke kudu maso yammacin Ingila, ɗan uwan Gwenhwyfar na Wales, kuma shi ne ya riƙe matsayi na ɗaya a cikin sunayen da ake raɗa wa 'ya'ya mata a Amurka daga 1970 zuwa 1984. Hajiya, sauran tambayoyinki guda huɗu sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.