Mazaɓa ta 6 a Jojiya: kujerar da ke yawo a kan taswira

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Amurka za mu leƙa, jihar Jojiya, can gefen birnin Atlanta, akwai wata mazaɓar ɗan majalisar wakilai ta tarayya da ake ce mata mazaɓa ta 6. Ku riƙe lambar nan da kyau don ita kaɗai ce ba ta canza ba a duk labarin nan, ƙasar da ke ƙarƙashinta kam ta sha tashi, yau tana kudu gobe tana arewa, kamar rumfar mai shayi da hukuma ta matsa wa.

Bari mu fara da yadda abin yake. Majalisar wakilan Amurka kujeru 435 ne, Jojiya tana da 14 a ciki, kuma duk shekara 10 idan an yi ƙidaya sai an sake shata iyakokin mazaɓu. To a wajenmu Najeriya INEC ce doka ta ɗora wa wannan aikin, amma a Jojiya da jihohi da yawa na Amurka 'yan majalisar jiha ne ke zama su zana, wato 'yan siyasa da kansu, jam'iyyar da ke da rinjaye ita ke riƙe da alƙalami. An ba kura ajiyar nama kenan.

Sannan idan na ce bayan gari kada ranku ya kawo muku unguwar da ba kwalta ba famfo. A can masu hannu da shuni ne ke fita bayan gari, su yi manyan gidaje da filin ciyawa a gaba, da safe su ja mota su shiga birni aiki. A shekarun 1960 da 1970 fararen fata da yawa sun bar cikin Atlanta sun koma irin waɗannan unguwanni, lokacin da aka fara haɗa yaran fari da baƙi a makaranta ɗaya, har ma gundumar Cobb, ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare na bayan gari, ta ƙi yarda jirgin ƙasan birnin, wanda ake kira MARTA, ya shigo mata. Wannan tarihin yana nan kwance a ƙarƙashin duk abin da za ku ji.

A shekarun 1970 mazaɓa ta 6 ba ma a arewacin Atlanta take ba, daga kudancin birnin take wajen filin jirgi, ta miƙa yamma har iyakar Alabama, kuma gidan 'yan Dimokurat ce tun kaka da kakanni. Sai ga wani malamin tarihi a wata kwaleji a garin Carrollton, sunansa Newt Gingrich, ɗan Rifablikan, ya fito a 1974 ya faɗi, ya sake fitowa a 1976 ya sake shan ƙasa a hannun ɗan majalisar da ya daɗe a kan kujerar, Jack Flynt. Da Flynt ya yi ritaya a 1978 sai mutumin naku ya haye. Naci dai, ai kun san shi.

Gingrich mutum ne mai baki, ya addabi 'yan Dimokurat a Washington ba kaɗan ba, a 1990 saura ƙiris a kayar da shi, ƙasa da ƙuri'a 1,000 ya tsira da ita. To da ƙidaya ta zo, 'yan Dimokurat ɗin da ke riƙe da majalisar jiha a lokacin suka ce ga dama ta samu, suka yayyanka mazaɓarsa suka rarraba wa maƙwabta, suka ɗauki lamba 6 ɗin suka kai ta can arewacin Atlanta inda bai taɓa wakilta ba. Shi kuma bai yi wata-wata ba ya kwashe kayansa ya koma Marietta a gundumar Cobb. A zaɓen fid da gwani na 1992 'yan jam'iyyarsa ma sun kusa juya masa baya, don suna ganinsa baƙo, nan ma da ƙasa da ƙuri'a 1,000 ya tsira. Amma ku ga inda dabarar ta juye da masu ita, sun cire shi daga inda yake faɗi-tashi sun ajiye shi a unguwannin da Rifablikan suka fi ƙarfi a duk jihar. Shekara 2 bayan nan, 1994, ya jagoranci jam'iyyarsa suka ƙara kujeru 54 suka karɓe majalisar wakilai karo na farko cikin shekara 40, ya zama kakakin majalisa. Garin neman gira an rasa ido.

Daga nan mazaɓar ta zama ta gado. Gingrich ya sauka a farkon 1999 bayan jam'iyyarsa ta yi asarar kujeru a zaɓen 1998, Johnny Isakson ya gaje shi har ya wuce majalisar dattawa, Tom Price wanda likitan ƙashi ne ya karɓa a 2005 ya yi shekara 12 ba mai ko girgiza shi. Ba wani dogon labari a nan, duk wanda ya samu tikitin Rifablikan to ya je ya ɗinka kayan rantsuwa kawai.

Amma fa a ƙasa abubuwa suna ta canzawa a hankali ba a lura ba. Garuruwa irin su Alpharetta da Roswell da Johns Creek da Sandy Springs da Dunwoody suka cika da kamfanonin fasaha da asibitoci, mutane suka yi ta zuwa daga wasu jihohi, ga Indiyawa ga 'yan Koriya ga 'yan Sin ga baƙaƙen fata masu digiri da albashi mai kauri, har ta zama cikin mazaɓun da suka fi yawan masu digiri a Amurka. Kuma su tsofaffin 'yan Rifablikan ɗin wajen irin masu son a rage haraji a bar su da kasuwancinsu ne, hayaniya ba ta dame su ba, salon Trump bai kwanta wa da yawansu ba musamman mata. Ku duba alƙaluman nan, a zaɓen shugaban ƙasa na 2012 ɗan takarar Rifablikan Mitt Romney ya ci mazaɓar da tazarar kusan kashi 23 cikin 100, a 2016 Trump da ƙyar ya ci da tazarar da ba ta kai kashi 2 ba, alhali a rana ɗaya a akwati ɗaya Tom Price ya samu sama da kashi 60. Wato mutane ba jam'iyyar suka bari ba tukuna, mutumin ne ba sa so.

Sai Trump ya ɗauke Price ya ba shi ministan lafiya a farkon 2017, kujera ta zama ba kowa, kai jama'a nan fa aka yi bidiri. 'Yan takara 18 suka fito a takarda ɗaya, cikinsu akwai wani matashi ɗan shekara 30 mai shirya finafinan binciken ƙwaƙwaf, Jon Ossoff, ɗan Dimokurat wanda ba kowa ya san shi ba, sai ga kuɗi suna ta zubo masa ta intanet daga ko'ina a Amurka, masu jin haushin Trump sun samu inda za su huce. Ranar 18 ga Afrilu ya samu kashi 48, kuma dokar Jojiya ta ce sai ka haura kashi 50, shikenan aka tafi zagaye na biyu da Karen Handel 'yar Rifablikan, tsohuwar sakatariyar jihar. An kashe sama da dala miliyan 50 a kan kujera ɗaya tal, a lokacin ba a taɓa kashe irin wannan kuɗin a zaɓen ɗan majalisar wakilai ba, mazauna wajen suka gaji da talla a talabijin da masu buga ƙofa. 'Yan adawa kuma suka samu abin yi masa gori, don gidansa yana ɗan wajen iyakar mazaɓar, ko kansa bai iya jefa wa ƙuri'a ba. Ranar 20 ga Yuni Handel ta ci da kusan kashi 52. Shi kuma Price ɗin da aka yi duk wannan saboda tafiyarsa, ko shekara bai yi a minista ba ya ajiye aiki a watan Satumba kan badaƙalar hawan jiragen haya da kuɗin gwamnati.

Ni a ganina wanda ya fi ban mamaki shi ne na 2018, don ba a yi masa rabin hayaniyar wancan ba. Lucy McBath, baƙar fata, tsohuwar ma'aikaciyar cikin jirgin Delta, an harbe ɗanta Jordan Davis yana ɗan shekara 17 a wani gidan mai a Jacksonville ta jihar Florida a 2012, a kan wai sun ƙure sautin kiɗa a mota. Wannan rashin ne ya jefa ta fafutukar taƙaita mallakar bindiga, daga nan ta fito takara, ta kayar da Handel da ƙuri'a dubu 3 da 'yan kai. Kujerar Gingrich fa, a hannun mace baƙar fata 'yar Dimokurat. A 2020 suka sake karawa ta ƙara ba ta rata, a shekarar da Biden ya ci Jojiya da tazarar ƙasa da ƙuri'a 12,000, kuma ƙuri'un waɗannan unguwannin na cikin abin da ya kai shi. Ossoff ɗin da ya faɗi kuwa, a Janairun 2021 ya zama sanata sukutum.

To sai ƙidaya ta sake zagayowa, wannan karon alƙalami yana hannun Rifablikan. A ƙarshen 2021 suka ja mazaɓa ta 6 suka miƙa ta arewa cikin gundumomin Forsyth da Dawson da Cherokee inda nasu suka yi yawa, daidai abin da aka yi wa Gingrich shekara 30 baya, sai dai yanzu ramuwa ce. McBath ta duba ta ga ba riba, ta tsallaka mazaɓa ta 7, ta kayar da 'yar jam'iyyarsu Carolyn Bourdeaux a fid da gwani, ita kuma ta 6 wani likita tsohon soja ɗan Rifablikan, Rich McCormick, ya ɗauke ta a 2022 cikin ruwan sanyi.

Magana ta je kotu. A Oktoban 2023 alƙali Steve Jones ya ce taswirar ta saɓa wa dokar 'yancin zaɓe ta 1965, don ta raunana ƙuri'ar baƙaƙen fata, ya ce a ƙirƙiro wata mazaɓar da suke da rinjaye a yammacin Atlanta. 'Yan majalisar jiha suka ce an gama, suka zana ta kamar yadda aka ce suka laƙa mata lamba 6, ta ɗebo sassan Cobb da Douglas da Fulton da Fayette, amma a hannu ɗaya kuma suka wargaza ta 7 ɗin da McBath ke zaune a kai suka mayar da ita ta Rifablikan. Sai aka yi musanyen lamba kawai, McCormick ya koma ta 7, McBath ta dawo ta 6 a zaɓen 2024 ta ci da kusan kashi 75. Kafin shari'ar Rifablikan na da kujeru 9 Dimokurat na da 5 a Jojiya, bayan an gama duk wannan zane-zanen aka ƙirga, 9 da 5 ɗin dai aka samu.