Me ya sa ɗaliban nan ke rubuta lamba a littafin Malam?

[Guntun bidiyon da ya yaɗu: hannun ɗaliba riƙe da fensir a kan tsohuwar takarda]

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan hannun da kuke gani ya sha zagi a makon jiya. Wani ne ya yanko guntun bidiyon, ya watsa shi a WhatsApp da TikTok, ya rubuta a ƙasa wai 'yan boko sun shiga ƙauye suna ɓata littattafan malamai da biro. To, da farko dai fensir ne a hannunta. Sannan mai littafin yana zaune a gefenta, ga ƙafarsa nan a kan buzu, wanda ya yanko bidiyon ne ya sare shi daga hoton. Duk da haka tambayar da mutane suka yi tana kan hanya: me za a rubuta a takardar da ta girmi kakan mai rubutun?

Bari mu fara da su waye yaran, a gurguje. Ƙungiya ce ta ɗaliban jami'a masu son aikin adana takardun tarihi. Akwai 'yan sashen Tarihi, da na Larabci, da na Hausa, da masu karatun laburare. In ana zangon karatu sukan zauna su koyi karanta ajami na hannuwa daban-daban, sukan yi karo-karo su ɗauki mota zuwa Kaduna, su ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Arewa House, ko su leƙa Gidan Ɗan Hausa a cikin Kano. Ita ma'ajiyar ta ƙasa tun 1954 aka kafa ta, bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan rassanta uku ne, Ibadan da Inugu da Kaduna. Sai dai mafi yawan abin da ke can takardun hukuma ne, na Razdan da Di'o da En'e. Abin da malamin ƙauye ya rubuta da alƙalamin kara yana nan a ɗakinsa, cikin adaka. Shi ya sa in an yi hutu suke fitowa karkara, kamar nan ƙasar Ringim.

[Mota a hanyar burji, zauren dagaci, gaisuwa]

Ba a faɗa wa gari haka kawai. Takarda daga hakimi, gaisuwa a wurin dagaci, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu," sai a haɗa su da liman. Mazan su tsaya a zaure, matan su shiga cikin gida, inda sau da yawa ake tarar da waƙoƙin wa'azi na ajami a hannun tsofaffi mata. Kowa ya yi alwala, don ba a san abin da za a fara cin karo da shi ba. A wanke hannu da sabulu, a bushe. Masu tambayar ina safar hannu, ku yi haƙuri, fina-finai ne suka saba muku da ita. Safa tana kashe jin yatsa, gefen takarda ya maƙale a zare ya yage ba ka sani ba.

Yanzu ku dubi abin da Malam, mai littafin, ya ciro daga gafaka.

[Malam yana kwance igiyar tadarishi]

Kun ga ɗinki? Babu. Kun ga gam? Babu. Haka littattafan ƙasar nan suke tun da, daga Borno har Sakkwato har Timbuktu: warwara ne, takarda kan takarda, a sa tsakanin tadarishi, a naɗe da igiyar fata. Da hikima a ciki, don malami yana iya zare 'yan warƙoƙi, wato fallayen takarda, ya miƙa wa almajiri ya je ya kwafa, saura na wurinsa. Amma lambar shafi irin ta littafin ɗab'i babu ita. Abin da marubuci kan yi shi ne, in ya kai ƙarshen bayan warƙa, sai ya sauko can ƙasa ya rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Ga ta nan ita kaɗai a kusurwa. Da ita mai karatu ke gane ko jerin ya tafi daidai.

To a nan gizo ke saƙar. Wani malami da ya ga cikakken bidiyon ya yi magana mai nauyi, ya ce shi fensirin bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, ya lura kalmar ƙasan warƙa ta 11 ba ita ta buɗe ta 12 ba, ga shi yarinyar ta ci gaba da lambarta kamar ba ta gani ba. Wato a ganinsa ta tabbatar da kuskure da hannunta.

Ta gani, Allah gafarta Malam. Ku kalli abokin aikinta, wancan mai rajista. Ga abin da yake rubutawa: tsakanin 11 da 12 magana ta yanke. Lambar da take sawa ba ta ce ga yadda littafin ya kamata ya jeru ba. Cewa take, ga yadda muka tarar da shi yau, a wannan gida, cikin wannan gafaka. Shaida ce ake ɗauka kafin a taɓa komai. Wanda ya zo da zumuɗi ya fara gyara jeri tun bai rubuta yadda ya samu ba, daidai yake da wanda ya share tsakar gida kafin masu bin sawun ɓarawo su iso.

Me ake asara in an gyara? Mu tsaya a nan, don hoton da ke tafe shi ya fi komai bayani.

[Kusa: ƙaramin rasit tsakanin warƙoƙi biyu]

Wannan 'yar takardar rasit ce ta haraji. Tsakanin warƙa ta 40 da ta 41 ta fito, a tsakiyar Risala, littafin fiƙihu. Kuɗin da ke jiki sule ne, kuma naira sai a watan Janairun 1973 ta fara aiki, ke nan rasit ɗin ya riga wannan shekara. Sunan da ke kai ba na mahaifin Malam ba ne, na ƙanin kakansa ne, mutumin da a gidan ma ba a tuna shi da karatu. Malam da kansa ya riƙe baki. Mai yiwuwa mutumin ya yi karatu a littafin har ya sa rasit ɗin alama inda ya tsaya. Mai yiwuwa kuma wani ne ya cusa shi daga baya, ɗaliban ba su yanke hukunci ba, sun dai rubuta inda suka same shi. Da a ce wani mai son tsafta ya zare shi ya haɗa da sauran rasitai a leda guda, da ya zama rasit kawai, irinsa dubu, kuma wannan tambayar ba mai sake yin ta.

Haka ma yankewar nan ta 11 da 12. Tana iya nufin warƙa ta ɓace. Tana iya nufin an ba da aro ba a dawo da ita ba, kuma tana wani gida a ƙauyen gaba. Tana iya nufin littattafai biyu ne suka cakuɗe, ka ga Iziyya ta kutsa cikin Risala, wanda shi ma labari ne, don yana nuna abin da ake karantawa tare a wannan zaure. Sai an bi dukkan ƙunshin an gama kafin a san wanne ne. Abin da ya fi ban tsoro shi ne warƙar ƙarshe, inda mai kwafa ke rubuta tamat, wani lokaci ya sa sunansa da na wanda ya yi wa aikin. In ta bar 'yan'uwanta ta faɗa wani ƙunshi, sai a jingina wa mutum littafin da bai rubuta ba, nasa kuma ya zama maraya.

Wannan ƙa'ida ba yaran nan suka ƙirƙiro ta ba. Tun 1841 aka kafa ta a ma'ajiyoyin Faransa, cewa takardun da suka fito daga hannu ɗaya ba a cakuɗa su da na wani, daga baya masu aikin suka ƙara da cewa jerin da aka tarar ma a bar shi. Shi ya sa ko littafi iri ɗaya aka samu a gidan liman da gidan na'ibi, kowanne rajistarsa daban.

To shi ke nan, a bar littafi a hargitse har abada? A'a. Ana gyarawa, amma a kwamfuta. Bayan an ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, a sa wa hoton suna da lambar fensirin nan, 12a da 12b, sai masu Larabci su zauna su bi kalmomin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, su jera hotunan yadda karatu zai miƙe. In sun yi kuskure, a sake. In bayan shekara ashirin wani ya fi su sani, ga lamba nan, yana iya komawa farko. Kuma in Malam ya ce yana son a jera masa takardun kansu, littafinsa ne, za a jera masa, tunda an riga an rubuta yadda aka tarar.

Shi fensirin kuwa mai laushi ne, ba ya huda takarda, ba ya naso, ba ya ratsawa zuwa baya, kuma yana gogewa. A saman kusurwa ake sa lambar, nesa da rubutu, ƙarama kamar ƙwayar gero. Sai da izinin mai abu. "Baba, a sa ko a bari?" In ya ce a bari, sai a yanki 'yar takarda mai lamba a ajiye a gefe, ta fito a hoto. Ni dai a ra'ayina, in Alƙur'ani ne, ko an ba da izini gara a yi ta wannan hanyar. Aikin ya fi cin lokaci, iska kuma tana ɗauke 'yan takardun, amma hankalin kowa ya fi kwanciya, kuma da haka aka yi tun farko da ba mu zo nan muna bayani ba.

[Ɗalibi ya ɗaga warƙa yana hasko ta da tocilan daga baya]

Wannan kuma kyauta ce, ba ya cikin rigimar. Kun ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar? Tambarin masana'anta ne. Irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, ta sauka Tarabulus, ayarin raƙuma ya ratso Sahara da ita har kasuwar Kano, musamman a ƙarni na 19. Ba ta faɗin shekarar da aka yi rubutu, don takarda kan jima a ajiye, amma tana rage faɗin zato. Ku dubi fuskar jikan Malam. Kullum yana ganin gafakar nan a rataye, bai taɓa sanin akwai wata a ciki ba.

Sauran aikin hotuna za su gaya muku. Buroshi mai laushi a kaɗe ƙura da kashin kyankyaso. Kyamara a kafe a sama, rula a gefe don a san girman takarda, ba a kunna walƙiya. In rana ta karkata a matsa da tabarma. Hotunan a ajiye su wuri uku daban-daban, ɗaya a bar wa mai littafi a memori. Littafi ko warƙa ɗaya ba ya bin su mota.

Masu cewa a kai a yi laminatin a huta, don Allah kar ku fara. Zafin injin yana gasa takarda, roba ta manne da tawada, kuma ba a ɓarewa sai da rubutun. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru ya bushe ya faɗi, ya bar jan tabo daidai kan layin da aka so ceta. Abin da suka roƙi Malam mai sauƙi ne: a ɗaga adakar daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango saboda gara, a duba rufin ɗakin kafin damina, a daina naɗe takardu a leda don tana tara gumi. Wanda ya ga yadda ruwa ke shiga gidaje a ƙasar Haɗeja da Auyo in kogi ya cika ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masu zargi kuwa ban ce su yi shiru ba. Duk wanda ya zo ƙofarka da kyamara, ka tambaye shi daga ina yake, wa ya aiko shi, ina hotunan za su zauna, wa zai gani, za a sa a intanet ko ba za a sa ba. Ya rubuta maka a takarda ya sa hannu. Kana da ikon cewa wannan a ɗauka, wancan a bari. Malam ma akwai ƙunshin da ya janye gefe, na hatimai da magunguna, ya ce, "'Ya'yana, wannan ba na kallo ba ne." Ba wanda ya yi musu. A rajista an rubuta ƙunshi ɗaya, ba a buɗe ba.

Adaka ta biyu ma ba a buɗe ba, amma ita dalilinta daban. Mabuɗin yana aljihun ƙanin Malam, shi kuwa ya tafi cin rani Fatakwal, sai ruwa ya sauka zai dawo. Wani ɗalibi ya kawo shawarar a kira makeri, Malam ya dube shi sau ɗaya, maganar ta mutu a nan.